Kwatar Ƙofar Gidan Goggo

Masana tarihi sun ɓata takarda mai yawa wajen auna al'umma da yaƙe-yaƙenta. Ni yanzu na tabbata da kwatarta ake auna ta, da kuma wanda yake shiga ciki.

Mun tashi da asuba daga Agege ta Legas, ni da abokan tafiya biyu, muka ƙetare Seme, muka ci wake da shinkafa a Kwatano, da barkonon da har yau ban yafe masa ba. La'asar ta yi mana a Lome. Mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ɗebe ni zuwa unguwar Zongo yana yi mini bayanin ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya kamar danginsa.

Goggo, ƙanwar mahaifina, shekara arba'in tana can. Na tarar da katangar ɗakinta ta tsage daga tushe, domin kwatar ƙofar gida ta cika da leda da yashi, ruwa ya koma yana kwana a gindin bango. Ta ce in aka ƙara ruwan sama guda a haka, ɗakin zai kwanta.

Washegari Lahadi 'yan unguwa suka fito: tela, mai gyaran waya, ɗalibai biyu na jami'a, da Malama Rakiya mai atamfa, wadda take rabon aiki. Ba mai biyan su. Shebur uku gare su da kwanukan wanki, Hausa da Faransanci suna tashi tare da wari. Na fara yi musu jawabi kan darajar aikin gayya, kamar yadda na saba a aji. Malama Rakiya ta miƙo mini kwano, tana kirana kawu da Faransanci.

"Tonton, riƙe wannan tukuna. Hadari ba ya sauraren lacca."

Wajen hantsi wata mota ta tsaya. Mutanen wata ƙungiya suka sauko da riguna masu ƙyalli, da sababbin shebur, da ƙaton ƙyallen roba da aka rubuta yabon juriyar Zongo. Aka jera mu, aka ɗauki hoto, wani ya taɓa laka da bakin shebur. Sai suka tattara shebur ɗin suka mayar mota, wai ana jiran su a unguwar Cacavéli. Na ji kunya a madadinsu, na kuma ji haushi a madadin kowa. Mutum ya zo ya yaba maka haƙuri, ya tafi da abin da zai rage maka shi!

Na so in bi su da magana. Tela ya ce in bar su, ai sun manta ƙyallen. Nan take aka shimfiɗa shi a gindin katangar, rubutu yana kallon ƙasa, aka danne da buhunan yashi. Kafin magariba kwata ta buɗe har kwanar layi, wajen shagon telan. Goggo ta dama mana koko, tana ta sa albarka.

Ranar Talata na dawo gida da ciwon baya, da darasin cewa juriya aiki ce da ake yi da kwanon wanki, kuma masu yawan ambatonta ba su cika jiƙa takalmi ba. Ranar Alhamis aka yi ruwa, na kira Goggo. Katangarta tana tsaye. Ruwan ya bi sabuwar hanya ya shiga shagon telan.