Asibitin Dabbobin da Maigidana Bai Gani Ba

Maigidana likitan dabbobi ne. Da ya aje aikin gwamnati, ya sayi fili a bakin garin Dakoro don ya gina ɗan asibiti na kanshi. Bango ya kai ƙugu ke nan Allah ya yi mishi rasuwa.

Ƴaƴanmu duk suna Maradi. Da na fita takaba suka ce in saida filin in koma wurinsu. Na ce su dakata tukuna.

Ban yi lakkol ba, wato karatun boko, ban san allurar saniya ba. Abin da na sani shi ne zancen ginin da yake yi kullum yana cin tuwo, ni kuwa hankalina na wajen murhu. Sai da na tsaya gaban magini na gane ashe maganar ta zauna mini.

Magini ya so ya goge daɓen siminti sumul, na hana.

"Hajiya, mai santsi ya fi kyawon gani," in ji shi.

"Malam, saniya mai ciwo in ta zame ba ta tashi. Bar shi da kaushi, ka karkata shi wajen kwata ruwa ya samu hanya."

Na sa ya faɗaɗa ƙofa, ya ɗaga ta, don raƙumi ba ya son sunkuyawa. Garken masu cuta mai yaɗuwa muka kai shi yamma, inda iska ke wucewa da warinsu, da kwamin ruwansu daban. Rumfar jira kuwa zana muka shimfiɗa mata, don kwano yana gasa dabba.

A ɗakin magani na tsaya cik. Na san maigidana ya ce taga ta dubi wani gefe don kada rana ta ɓata magani, amma gefen ya ɓace mini. Magini na jira da igiyar awo a hannu. Har na waiwaya zan tambayi maigidan, sai na ga fili da tulin bulo. Na share ido da gyale, na ce arewa. Har yau ban tabbata ba.

Yanzu wani likita baƙo ke aiki a ciki. Ran kasuwa nakan je in zauna ƙarƙashin rumfar. Makiyayan ƙauyukan Roumbou da Bader Goula su shigo da dabbobinsu, su gaishe ni a gurguje, suna zaton akuya na kawo. Kafin la'asar in tashi, in koma gida in ɗora ƴar tukunyata.