Numfashin Zaliha a Kwalba

Mushe Yohanna (Mushe ake ce wa malamin boko a wurinmu) mutumin Tsibiri ne, aka turo shi Tawa ya koyar da kimiyya a kolejin da nake koyar da lissafi. Gajere ne, ga surutu, ga tsince-tsince. In ka gan shi a hanya kansa a sunkuye, ba kunya ba ce, bola yake dubawa. Mun sha yi masa tsiya cewa tsakaninsa da awakin unguwa ba a san wanda ya fi sanin juji ba. Sai ya yi dariya ya ce akuya ci take yi, shi kuwa kayan aiki yake nema.

Makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje da ake kira labo, amma ban da jemagu da karyayyun tebura babu komai a ciki. Shekarun yajin aiki ne, yau malamai, gobe ɗalibai. Yawancinmu sai mu cika allo da rubutu, yara su kwafe, kowa ya kama gabansa. Yohanna ya ƙi. Ya ce yaron da bai taɓa abu da hannunsa ba bai san shi ba. Mataccen ƙwan lantarki yakan cika da ruwa, yara su ga ƙafar ƙuda ta zama ƙatuwa. Ƙashin akuya yakan roƙo wurin mahauta, ya dafa, ya jera da waya. Matarsa Debora har ta gaji da faɗa ta bar masa tukunya guda.

Abin da ya fi ji da shi ruwan masu walda ne. Yakan kwaso farin taɓon da suke zubarwa, ya jiƙa, ya tace, ya zuba a kwalba garau. Sai ya ba yaro bututun bik, wato biro, ya ce ya busa. Yana busawa ruwan ya koma fari kamar an ɗiga nono, ajin ya kaure da ihu. Daga nan ya fara bayanin iskar da mutum yake fitarwa.

A bazarar 1995 wadda ta busa ita ce Zaliha, 'yar Malam Ma'azu tela. Yohanna ya ɗaga kwalbar ya ce, cikin wasa, "Kun gani? Ga numfashin Zaliha nan na kama." Ya toshe ta ya kai gida.

A makon nan sanƙarau ya shigo gari. Ya kwantar da yara da yawa, har da Zaliha. Aka kai ta asibiti da safe aka yi mata allura, da iyayen suka ga ba ta tashi nan take ba, suka ɗauko ta gida. Wuya ya sandare, jiki kamar wuta, tana ta sambatu: "Mushe, ya yi hwari, Mushe." Wata ƙawarta ta ba da labarin kwalba. Shi ke nan, magana ta ƙare. Baƙo ne, Kirista, yana dafa ƙashi, ya faɗa da bakinsa ya kama numfashinta, ita kuma ga ta tana kiran sunansa. Kafin azahar Yohanna ya zama maye.

Ina gidansa lokacin da suka zo. Malam Ma'azu ne a gaba, idonsa jawur.

"Mushe, ba hwaɗa munka zaka yi ba. Ka sake mini ɗiyata."

"Malam Ma'azu, sanƙarau na. Ruwan walda na cikin kwalbag ga, ni ma ina busawa."

"Kun jiya?" in ji wani daga baya. "Shi ma shina busawa!"

Na buɗe baki zan yi bayani, aka ce in na ƙara magana za a haɗa da ni. Samari sun riga sun ɗebo duwatsu, Godiya 'yar Yohanna kuwa tana maƙale da zanen uwarta. Yohanna ya dube ta, ya sa takalmi ya bi su.

Suka shimfiɗe Zaliha a tsakar gidan Malam Ma'azu. Suka ce ya tuɓe wando ya tsallake ta, kamar yadda ake sa maye ya yi. Ya tuɓe, gaban mata, gaban 'yan ajinsa da suka hau katanga. Ya tsallake. Aka ba shi ruwa ya kurkure baki ya tofa a ƙoƙo, aka ɗura wa yarinyar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

A hanyar komawa ya ce mini, "Addu'a nika yi ta tashi." Na san abin da tashinta zai jawo masa, shi ma ya sani.

Allurar ta yi aikinta. Washegari Zaliha ta nemi kunu. Garin kuwa ya samu shaida: ya tsallake ta, ta warke. Aka daina sayen ƙosan Debora. Aka hana yara wasa da Godiya, wai abin gado ne. A aji teburan gaba suka zama wayam, in ya miƙa wa yaro abu sai yaron ya ɓoye hannu a baya.

Bayan sallar Juma'a sai ga Malam Ma'azu a ƙofar gidan Yohanna, da zabo a hammata. Ya durƙusa, yana hawaye, kuma na rantse ba ba'a yake yi ba.

"Mushe, na gode. Wani da bai sake ta ba. Don Allah duk ran da kwaɗai yat taso maka, ka aiko gidana a ba ka nama. Ka bar muna ɗiya."

Maƙwabta suna tsaye suna kallo. Da ya ƙi karɓa, da an ce har yanzu yarinyar yake so. Yohanna ya miƙa hannu biyu ya karɓi zabon, ya ce ya gode.