Ni Na Raɗa wa Tinya Suna

A gidanmu na Gyadi-Gyadi ba a hura itace sai an yi haihuwa, da risho muke girki. Shi ya sa wutar da na fi tunawa a yarintata ita ce ta ruwan jego, wadda Iya, mahaifiyar Ummanmu, take hurawa a bayan ɗaki ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya. Daga ƙauyensu na wajen Rano take zuwa duk sanda Umma ta sauka. In an gama wankan yamma aka yi magariba, sai mu kewaye ragowar garwashin, ni da yaran maƙwabta, ita kuma ta miƙe ƙafa ta ɓantari goro.

A zuwan da nake magana a kai, gidan ba daɗi. Bayana Umma ta haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Nas ce a asibitin koyarwa, 'ya'yan mutane suna warkewa a hannunta, nata suna tafiya. Ban wuce shekara tara ba, amma na san yadda gida yake yin tsit, na san tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙofar gida. Da aka haifi wannan, mace, ko barkar ma a hankali mutane suke yi.

Abba ya ce sunan mahaifiyarsa za a sa mata, Hauwa'u. Tunda Umma ba za ta iya kama sunan surukarta ba, dole a nemi lakabi. Ƙawayenta na asibiti suka kawo irin na yayi, su Hanan da Amal. Iya tana juya kunun kanwa ta ce, "Tinya za a ce mata."

"Haba Iya, guba ce fa," in ji Umma. "Abin da ake kashe kifi da shi?"

Abba ya sunkuyar da kai don kunyar surukuta ya ce, "A yi haƙuri Iya, wannan camfi ne. Rai a hannun Allah yake."

"Na sani, Malam. Ni ban ce magani ba ne, suna na ce."

Ba ta ƙara ba. Amma wanda ya san Iya ya san in ta yi shiru a ɗaki, a bakin murhu za ta ƙarasa.

Da yamman nan ta buɗe tatsuniya yadda ta saba: "Ga ta nan tafe, mai tsoro ya matso jikina." Duk muka matsa, har Sabi'u ɗan maƙwabtanmu mai cika baki.

Wai akwai wata tsohuwa da ba ta da gida sai gidan suna. Takan saje cikin mata, ba ta cin tuwo, ba ta taɓa waina. Sai ta sami wani ɗan gidan ta tambaye shi da murya mai sanyi, "Yaya sunan baƙuwar tamu?" In an faɗa, sai ta ɗora sunan a harshenta ta tsotsa. In ta ji zaƙi, shi ke nan, kafin damina ta zagayo jaririn ya bi ta. Wata mata ta haifi Zuma, tsohuwa ta lashe. Ta haifi Dabino, ta lashe. Ta haifi Rake, haka. A haihuwa ta gaba matar ta hau dutse tana kuka, ta ga wata itaciya da ko akuya ba ta kusanta, ga ciyawar gefenta duk an cinye. Ta dawo gida. Ranar suna tsohuwa ta zo ta yi tambayarta, aka ce mata Tinya. Tana ɗorawa a harshe bakinta ya kama wuta, ta sa hannu ta goge, ta kai hannun ido, idon ya yi fari fat.

"Ta mutu?" na tambaya.

"Wa ya gaya miki? Tana nan tana lalube. Duk gidan da ta ji guɗa, can take nufa."

Ta tofar da tukar goro a toka ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya motsa. Ni ban taɓa ganin tinya ba, sai da Iya ta kwatanta min: kauri gare ta, ga ƙaya, in an karce ta wani farin ruwa kamar madara yake fita, ɗigo ɗaya a ido ya isa. Na kwanta ina lissafa sunayen ƙannena da suka rasu, ina ɗanɗana su a bakina. Wallahi duk masu zaƙi ne.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Aka yi guɗa, na tuna da mai lalube. Ina ɗauke da kwanon waina zan kai soro, wani hannu busasshe ya damƙe min tsintsiyar hannu. Tsohuwa ce da ban sani ba, a zaune bakin rijiya, idonta ɗaya ya yi fari. Na miƙa mata waina ta girgiza kai.

"'Yar nan, yaya sunan baƙuwar tamu?"

Hauwa'u ya zo min har leɓe na haɗiye shi. Na buɗe baki na kurma ihun da ya tsayar da hirar gidan gaba ɗaya: "Tinya! Sunanta Tinya!" Kwanon ya kife, fitsari ya zubo min, na tsaya ina jiran in ga bakinta ya kama wuta.

Ashe gwaggon Abba ce daga Daurawa, yanar ido ke damunta, wainar kuma likita ne ya hana ta mai. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kafin la'asar kowa Tinya yake cewa. Abba ya yi faɗa ya gaji. Umma kuwa ta ƙi sunan ƙememe, Hanan take kiranta ita kaɗai. Ni dai ban huce ba. Duk sanda yarinyar ta yi zazzaɓi, nakan tsaya a bakin ƙofa ina kiran sunan da ƙarfi don mai lalube ta ji. A haka ta yi haƙori, ta yi tafiya, aka yaye ta.

Na daɗe ina jin haushin Iya kan tsoratar da ni da ta yi. Sai da na girma na gane a bakin murhun nan ba wanda ya kai ta tsoro. Gawar jikoki uku ta wanke da hannunta. Ba ta da allura, ba ta da karatu, manya sun ƙi sauraronta, sai ta juyo ta faɗa wa yara. Har Allah ya karɓi ranta ban taɓa jin ta ce sunan ne ya raya yarinyar ba. Ni ma ban ce ba.

Bara Tinya, wadda ke aure a Tarauni, ta zo haihuwar fari, abin ya zo da gardama har aka shiga da ita tiyata. Muna zaune a benci ni da Umma, wadda ta yi ritaya bayan ta karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa. Carbi take ja. Wata ƙaramar nas ta leƙo ta ɗaga murya a barandar da ke cike da baƙin fuskoki: "Ina 'yan'uwan Hauwa'u?"

Umma ta miƙe zumbur, ta waiga hagu da dama, ta kama hannun yarinyar.

"Yi a hankali, 'yata," ta ce. "Tinya sunanta."