Ranar da muka zauna bisa duwatsu

Ko na manta sunan jikokina, ba zan manta da wannan rana ba. Damana biyu ke nan bayan babbar yunwar da ta watse da shanun Adar, tun ba a san salula ba. Lokacin mu mata ke ɗaukar duwatsu a kai muna jerawa a gangaren tsauni can wajen Keita, don ruwa ya daina gudu da ƙasar gona. Maza sun tafi cin rani. Ni ce shugabar shantiye, wato wurin aikin, kuma muryata har ƙauyen gaba ana jin ta.

Sai ga masu ɗaukar sinima daga Yamai, wai za su nuna wa duniya aikinmu. Babbansu, wani saurayi mai tabarau, ya ji ina yi wa mata tsawa su gyara jeri. Ya matso ya ce, "Inna, ki sassauta. Masu kallo ba su son mace mai faɗa. Ki yi murmushi kawai."

Ban gama mamaki ba sai na ga ya jawo ƙanen mijina, wanda ciwon ƙafa ya hana tafiya cin rani, ya tsayar da shi a wurina. Mutumin da ko tsakuwa bai taɓa ɗauka ba! Aka ce ya ba da umarni. Ya buɗe baki ya kwarma ihu, mai tabarau yana ta murna: "Yawwa! Ga shugaba!"

Na ce, "To! Shi ya yi, shugaba ne. Ni na yi, faɗa ne?"

Ƙanen mijin nawa ya yi dariya ya ce, "Haba matata, bari a ga kyakkyawa ko sau ɗaya."

Na ce, "Kyakkyawa, ai sai ka ɗauki dutsen."

Na sauke nawa na zauna a kai. Nan take mata duka suka sauke nasu suka zauna. Rana ta take, kamera tana kallon gurgu yana yi wa tsauni ihu. Mai tabarau ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Na ce ko a ɗauke ni yadda Allah ya yi ni, ko su ɗauki hoton duwatsu suna jera kansu.

Da azahar ya haƙura. Na miƙe na yi tsawar da ban taɓa yin irinta ba.

Da suka dawo suka haska mana sinimar a lakwal, wato makarantar boko, wasu dattawa suka ce ba ni da kunya. Geron da ya fito a gangaren nan ne ya ba su amsa. Abin da na koya ke nan: in ka yarda aka rage maka murya, gobe wani za a nuna a wurinka.

Cikin waɗanda suka zauna ranar, saura ni da aminiyata mai sayar da ƙuli-ƙuli. Kyakkyawan ma yana nan, ba haƙori ko ɗaya. Har yau bai ɗauki dutsen ba.