Gwiwar Kawu

Ran kasuwar Bafarawa na tsaya sayen gishiri, sai wani ɗan kabu-kabu ya kunna kalangun dambe a wayarsa, har yana kaɗa kafaɗa. Wallahi ji na yi kamar in fizge wayar in jefa ta cikin kwata. Shi bai yi mini komai ba, bawan Allah. Kiɗan ne ya yi mini, tun kafin a haife shi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan dambe ne. Dangin uwata mahauta ne, a gidansu na tashi, wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Da an kai gero rumbu, gari ya cika da ƙanshin sabon tuwo da hayaƙin kara, sai makaɗa su sauka a ƙofar gidanmu. Kawu zai zauna bisa turmi, ya naɗe hannun dama da tsumma, ya bi shi da igiya yana ja da haƙori, har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Ina ƙaunarsa fiye da kowa a lokacin, kuma ba na jin kunyar faɗi.

In ba ka taɓa kallon dambe ba, ƙa'ida ɗaya za ni gaya maka. Duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Haka ake cewa, kisa, ko da mutum ya miƙe yana dariya. To, Kawu ba a taɓa kashe shi ba. Ba wai ya fi kowa iya kaucewa ba ne, shi ba ya ma kaucewa. Kai yake miƙawa a daka, ya tsaya ƙyam har abokin karawa ya gaji. Abin da mutanen garinmu ke so ke nan. Sai ka ji ana ihu wai kansa dutse ne.

Akwai wata kaka da muka bi shi wajen Burkusuma, ya kara da wani ƙato da ya tsallako daga Nijar. Sau uku ana shiga ana fita, jini na bin kunnen Kawu, amma gwiwa ta ƙi sauka. Daga ƙarshe manya suka shiga tsakani suka ce, "An raba, babu kisa." Wani ɗan kasuwa na garinmu, mai kai kaya tsallaken iyaka, shi ya ɗora Kawu a kafaɗa ya zaga fili da shi. Washegari na ga mahaifiyata tana gasa masa kai da ruwan zafi, yana amai, yana tambayarta yau wace rana ce. Ta ce, "Yaya, don Allah ka bari hakanan." Maza suka yi dariya, wai mace me ta sani.

Bayan ya aje dambe ya koma teburin nama, abin ya fara a hankali. Ya yi ta neman wuƙa, alhali tana hannunsa. Magana ta yi nauyi, yatsu suka fara rawa. Wata damina ya ɓace a hanyar gonar da ya noma tun yana saurayi, sai makiyaya suka dawo da shi. Nan fa kowa ya zama masani. Wannan ya ce jifa aka yi masa, wancan ya ce layun da ya ɗaura ne suka juyo kansa. Na kai shi Sakkwato, likita ya ce dukan da ya sha ne ya taru, kuma ba ya warkewa. Na dawo na faɗa, ba wanda ya so ji, domin in duka ne, kowa ya san bakin wa ya yi ihu a ƙara.

Abin da ba za ni yafe ba ya faru a masallaci, sallar la'asar. Liman ya yi kabbara, sahu duka ya tafi sujada, Kawu ya ƙi sauka. Ya tsaya shi kaɗai, ya duba ya ga kowa a ƙasa, sai ya ɗaga hannun dama sama kamar yadda yake yi in ya yi kisa. Ana sallamewa wasu suka fashe da dariya. Ɗan kasuwar nan da ya taɓa ɗaukarsa a kafaɗa, yanzu ya yi furfura ya zama na sahun gaba, shi ya kira ni gefe ya ce, "Ku riƙe mahaukacinku gida, yana ɓata muna salla." Mahaukacinmu! Da yana tsaye jini na zuba na gari ne, yau ya zama namu.

Malamin garinmu ya ce an ɗauke masa alƙalami, ba salla a kansa. Amma wa zai gaya wa Kawu? Ya manta sunana, bai manta alwala ba. Da an kira salla zai yi ta tsaf, ya hau buzu a tsakar gida, ya yi ruku'u, sai ya maƙale. Yana son ya kai goshi ƙasa, gwiwa ta ƙi. Haka zai tsaya, hawaye na zuba cikin gemu. Mahaifiyata ce, wadda aka ce ba ta san komai ba, ta matsa kusa wata rana ta ce masa a kunne, "An raba, Yaya, babu kisa." Ya saki ajiyar zuciya, ya durƙusa.

Ta rasu bara, aikin ya dawo kaina. Nakan tsaya gefensa, kowace raka'a in raba masa damben, in ya idar in yi tawa sallar.

Da ƙaramar salla dattijon ɗan kasuwar nan ya zo har zaurenmu. Wai samari sun shirya dambe, a fito da Kawu su gan shi, su ɗauke shi a waya, tarihin gari ne. Na ce, "Baba, ka girme ni, shi ya sa za ni tsaya nan. Wanda bai isa shiga sahunku ba, bai isa shiga filinku ba." Ya fita yana cewa ba ni da kunya, ni kuwa na rufe ƙofa.

Na koma ciki na tarar da Kawu bisa buzu, ya yi ruku'u yana jirana, ga kalangu na tashi daga bayan gari. Na faɗa masa kalmar har sau uku, bai ji ni ba, kiɗan ya fi ni ƙarfi. Sai na sa tafin hannuwana na toshe masa kunnuwa, na kai bakina daf da goshinsa na sake faɗa, ya sauka. Da ya sallame ya dube ni kamar baƙo, ya ce, "Ɗan samari, sun kashe ni?"

Na ce, "A'a, Kawu, ba a taɓa kashe ka ba." Ya yi murmushi. Ban taɓa yin ƙaryar da ta ƙona mini baki kamar wannan ba.