Ruwan Wankan 'Yar Fari

Ɗiyata ta fari da lafiyayyar fata aka haife ta, kowa ya shaida. A gidanmu na haihu, wani ƙauye kusa da Malumfashi, na gama wankan jego aka maido ni ɗakina a Maska, gidan marina. Ba mu daɗe da komowa ba kumatunta suka fara bushewa, suna zubar da wani fari-fari kamar dusa. Daga nan abin ya gangara bayan kunne, ya kama wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Tun ba ta iya zama ba, ta riga ta iya susa. Ta goga fuska a tabarma, ta goga a bayan duk wanda ya goye ta, har wurin ya tsage yana tsattsafo da ruwa.

Kowace tsohuwa ta shigo gidan da sunan da za ta ba abin. Wannan ta ce ƙazwa, waccan ta ce ela, wata ta ce bakin mutane ne. Wanzamin gidan ya zo ya duba, ya ce kirci ne, a kan haka aka tsaya. Ni dai ba wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaye ni ba ni da bakin amsawa.

Kunyar ɗan fari ta lokacinmu ba wasa ba ce. Ba ki faɗin sunansa. Ba ki kallonsa a gaban mutane, balle ki yi mashi wasa. Sai an miƙo maki shi ki ba shi nono, kina kallon bango, ya gama a ɗauke. In ya faɗi ya fasa baki, ke ce ta ƙarshe da za ta motsa. Da wannan ake gane ɗiyar mutunci, kuma ni ma da shi aka raine ni. In zan ambaci yarinyar sai in ce "waccan", ko "'yar gidan nan". Har yau da furfura a kaina ban taɓa kiran sunanta a fili ba.

Saboda haka wankanta ba a hannuna yake ba. Yana hannun uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Iya. Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Wallahi tana son yarinyar nan kamar ranta, jikarta ce ta farko ta wajen ɗa namiji. Sai dai Iya ta yi imani kirci ba ya jin lallashi. Kullum da hantsi za ta sa a tafasa ruwa da sassaƙen maɗaci, ta kawo sabulun salo da sabon soso, ta ɗora yarinyar a ƙafafunta ta hau dirza.

"Sai an kankare maganin ke shiga," in ji ta. "Yi kukanki, 'yar nema, gobe kya gode mani."

Kukan nan, kai! Ba irin na yunwa ba ne, wani siriri ne da ke shiga mutum ta ƙeya. Ni kuwa ina bakin turmi, na ba su baya. Na daka hatsin gidan nan da ƙarfin da bai kamata ba, har matan gida suna yi mani tsiya wai amarya za ta fasa turmi. In an gama sai Iya ta naɗe ta da sabon zane mai shuni, wanda aka fito da shi daga mabuga yana ƙyalli. A gidan marina shuni magani ne. "Kin taɓa ganin marini da ƙazwa?" Haka take cewa. Yarinya ta wuni jikinta shuɗi-shuɗi, tana mutsu-mutsu a ciki, tana neman abin da za ta goga.

An yi rubutu an ba ta, an ɗaura mata laya a wuya da ƙugu. Wanzami ya yi mata 'yan tsage-tsage a baya wai mugun jini ya fita. Abin sai gaba yake yi.

Cikin wata damina aka yi rasuwa a dangin Iya, ta tafi zaman makoki ta kwana biyu a can. Sauran matan gida kowa na fama da nata, ga aikin gona ya taso, sai wanka ya faɗo hannuna ba tare da kowa ya ce komai ba. Ba wata dabara na yi ba, kada in yi ƙarya. Itace ne ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, ruwan ya tsaya a ɗumi kawai. Sabulu kuma Iya ta kulle a ɗakinta. Na shiga da yarinyar bayan ɗaki inda ba mai ganina, na wanke ta da tafin hannuna. Ta tsaya tana kallona, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Ina da ɗan kaskon man kaɗe da mahaifiyata ta ba ni don faso. Tun jikinta bai gama bushewa ba na lakata na shafe ta da shi, na bi duk lanƙwasa. Na rasa zanen da zan sa mata, duk sun jiƙe a igiya, sai na yago gefen wani tsohon farin saƙi da ya sha wanki har ya yi laushi, na rufa mata. Ranar ta yi barcin da ban taɓa ganin ta yi ba, baki buɗe, hannuwa a sake.

Na ci gaba da haka safe da yamma. Na riƙa cire mata farce da haƙorina in tana shan nono. Kafin Iya ta komo, tsagar bayan gwiwa ta kame, kumatu sun fara santsi. Ba warkewa ta yi ba, amma ta zama yarinya, tana dariya, tana jan gemun akuya.

Iya ta dawo ta gani, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Ta ce layar nan ta malamin ƙofar gari ta fara aiki, yanzu sai a dage da kankara a ƙarasa shi. Washegari aka tafasa ruwa.

Na yi hannunka mai sanda iya yina. Na ce wa ƙanwar mijina, ai na ji wasu na cewa man kaɗe na da kyau ga irin wannan abu. Ta kai wa Iya, Iya ta ce man kaɗe na masu faso ne. Na gaya wa maigida a ɗaki, cikin dabara, ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata, kuma in rufa mashi asiri kada a ce matarsa ta fara zancen ɗan fari. Sai na koma sata. In an sa ni kai ruwan wanka, in tsaya a bakin randa in sirka shi da ruwan sanyi ƙoƙo biyu ko fiye, yadda dai ido ya ba ni dama. Iya ta tsoma hannu ta ce, "Yau kuma wutar taki ciwo take yi?" ta sa a ƙara tafasasshe. In an miƙo mani yarinyar shan nono, in juya baya in shafa mata mai a gaggauce. Haka muka yi ta yi, ni in gyara, a ɓata, har ta isa yaye.

A al'adar gidan, ɗan fari wurin dangin uba ake kai shi yaye, ya ɗan jima ya manta nono a maido shi. Aka ce yayar mijina ce za ta ɗauka, wadda ke aure a Musawa. Gwaggo yaran gida ke ce mata, ni ma haka nake ce mata. Mace ce mai shiru-shiru, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zo tare da ayarin fataken da ke kawo fari rini, za ta koma da su.

Ranar tafiya, da safe, mata sun cika tsakar gida. Iya ta shimfiɗa kayan yarinya a faifai tana nuna wa Gwaggo ɗaya bayan ɗaya. Ga sassaƙe, ga curin sabulu, ga soso sababbi, ga zannuwan shuni da mijina ya rina da hannunsa. Tana cewa, "Ruwan ya yi zafi sosai, kada ki ji tausayinta. Ki kankare har sai kin ga ja."

Ina durƙushe ina wanke-wanke. Na tuna can ba randar da zan tsaya in sirka, ba shan nonon da zan fake da shi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Iya, don girman Allah a bar kankarar nan. Ita ke cinye ta. Ruwan zafin nan da sabulun nan da shunin nan su ke tayar mata da shi. Lokacin da kika tafi makoki ba laya ba ce, ni ce. Ruwa mai ɗumi, da hannu, da man kaɗe, da tsohon fari. Ɗiyata ce, na san jikinta!"

Ɗiyata. A gaban uwar mijina, a gaban baƙi. Duk matan suka juyo suna kallona. Wata tsohuwa ta kama haɓa ta ce, "La'ilaha illallahu, yau mun ga abin da ya fi ƙarfinmu." Iya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai, ta ce, "Ashe duk wannan lokaci kashe ta nake yi." Ta tashi ta shige ɗaki.

Baki shi ke yanka wuya. Kafin rana ta take tsaka magana ta kai zaure, ta kai bakin karofi inda ake rini, abokan aikin maigida suna tambayarsa ko shunin nasa ne ke sa kirci. Manya suka zauna. Suka ce uwar da ta kasa ɓoye son ɗan fari lalata shi za ta yi, don haka ba yaye kaɗai ba, riƙo ne. An ba Gwaggo yarinyar har aure. Maigida ne ya shigo ya gaya mani, bai iya kallon idona ba. Ya ce, "Da kin yi haƙuri." Na ce, "Haƙurin me ban yi ba?" Ya juya ya fita.

Ana ɗaura kaya a jakai, Gwaggo ta zagayo bayan ɗaki ta same ni, yarinyar na goye a bayanta. Ba ta yi mani jaje ba, ba ta yi mani faɗa ba. Ta rage murya ta ce, "Ruwan, kamar yaya ɗuminsa?"

Na ce, "Kamar nonon da aka tatso yanzu."

"Man fa?"

"Tun jikin da lema. Safe da yamma. Ki bi bayan gwiwa."

Ta miƙo hannu, na ɗora mata kaskon da sauran farin saƙin. Ta cusa cikin ƙullinta ta juya. Yarinyar ta waiwayo tana miƙo mani hannu, ni kuma na kalli bango, don akwai mutane a bakin ƙofa.

Shekarun nan hanya ba ta da aminci, mahara na tare mutane, mace ba ta tafiya sai da babban dalili. Labari nake samu a bakin fatake. Sun ce yarinya ta yi ƙiba, jiki ya yi kyau, sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin sanyi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, kuma na yi kishi har cikin ƙashina. Na haifi wasu bayanta, wasu suka tsaya wasu suka koma, ba wanda ya zo da irin fatarta. Ita kuwa sai jefi-jefi nake ganinta, a biki ko rasuwa. Gwaggo take kira Inna. Ni Yaya take ce mani. An gaya mata ni na haife ta, ta kuma riƙe hakan kamar yadda ake riƙe sunan garin kakanni. Tana durƙusawa ta gaishe ni da ladabi, ta tashi ta koma gefen Innarta.

Da ta yi aure ta samu ciki, gidan Gwaggo ta je haihuwa. Ban samu zuwa suna ba, rafuka sun cika, sai da ruwa ya ja baya na bi ayari. Na tarar da ɗa namiji, kyakkyawa, ya fara wayo. Ina karɓarsa na ga kumatun. Na ɗaga ƙafarsa na duba bayan gwiwa. Ciwon uwarsa ne sak, amma can ƙasan raina na ce to, wannan karon ni kaka ce, ba mai hana ni.

Gwaggo ta tsufa, hannunta na rawa. Washegari da hantsi na ce yau ni zan yi wa angona wanka. Na shiga madafa na sauke tukunya tana tururi, na nufo bakin randa da ita don in sirka. Sai ga ɗiyata ta fito daga ɗaki da sauri, ta sha gabana. Ta waiga ta ga ba baƙo a gidan, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, don Allah ajiye. Ba a sa mashi ruwan zafi. Ke ba ki san irin fatarmu ba. Haka aka kawo ni daga gidanku jikina duk gyambo, Inna ce ta gano maganin. Ki bar mata, ita ta iya."

Gwaggo na zaune a kan tabarma, taku kaɗan tsakaninmu, ta ji komai. Na tsaya da tukunya tana ƙona mani hannu ta cikin tsumma, ina jira ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai tana ta murza man kaɗe a tafinta. Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba. Daga baya na ga ita ma abin da take da shi ke nan a duniya.

Na ce, "To."

Na ajiye tukunyar. Ɗiyata ta ɗauki yaron daga inda na kwantar da shi, ta kai wa Innarta. Ta juyo ta ce mani, cikin ladabi, ko zan taimaka in duba masu kunu kada ya kama. Na koma madafa na zauna ina dama kunun.