Wayar da Ba Ka Gwada Ba, Baba Tsang

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, Baba Tsang Wing-fai mai rumfar wayoyin wuta a titin Apliu da ke unguwarmu ta Sham Shui Po ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Ni ban ji ba sai ranar Asabar, da na je na tarar da ƙofar rumfar a sauke, an liƙa farar takarda a jiki. Wayar wutar da na haɗa don ya gwada tana cikin jakar makarantata.

Baba, ni ba 'yarka ba ce, ba jikarka ba. Wata biyu kacal muka yi da sanin juna. Magana a gaban mutane tana yi mini wuya, shi ya sa na rubuta.

Da mahaifina ya rasu bara, abin da ya bari a ɗakinmu shi ne amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin kiɗa, da sifiku biyu. Wata rana ƙanena Ka-lok ya dafa ƙarfen jikinta, wuta ta ja shi, ya ƙwalla ƙara. Mama ta zare filogin ta ce ƙarshen Maris mai sayen tsofaffin kaya zai zo ya ɗauke ta. Ban iya yi mata musu ba. Na dai naɗe wayar wutar na fita da ita.

Kwana uku ina zuwa gaban rumfarka bayan an tashi daga makaranta, in tsaya, in koma. A rana ta uku ka ɗago daga kwanon taliyarka ka ce, "Ke 'yar ƙanwa, gadi aka ɗauke ki? In gadi ne ki matso inuwa."

Na miƙa maka wayar. Ka kwance filogin, ka daɗe kana kallo.

"Wane gwanin ne ya yi wannan?"

Na ce babana ne, kuma ya rasu. Ka ajiye sandunan cin abincinka. Ba ka zage shi ba, amma ba ka ɓoye mini gaskiya ba. Ka nuna mini inda ya yanke wayar ƙasa, mai kore da rawaya, wadda ke hana wuta jan mutum, don ya kashe wani ƙugi da ke fita a sifika, da inda ya cire fis, ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ya cusa guntun tagulla. Ka ce masu son sauti da yawa haka suke yi, kunne ya ji daɗi, jiki ya sha wuta.

Na nuna wata waya mai kauri da ke rataye a rumfar maƙwabcinka, dala dubu biyu. Ka yi dariya har da tari.

"Wannan ta masu kunnen zinariya ce! Ke da ni kunnenmu na nama ne."

Maƙwabcin ya ce, "Tsoho, za ka kashe mini kasuwa!" Ka ce masa kasuwar da ta mutu tun bara.

Ka yanko mini waya mita ɗaya da rabi, da filogi da fis da kan da ke shiga amfilifaya, duka dala arba'in da biyar. Amma ka ƙi haɗa mini. Ka ce wanda zai kwana ɗaki ɗaya da waya ya kamata ya san abin da ke cikinta. Duk Asabar ina zaune a kan akwatin lemo kana koya mini: a fere roba kada a ji wa tagulla ciwo, a murɗa, a ɗaure sukurun tam, a bar wayar ƙasa ta fi sauran tsawo don ko an fizge ta zama ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Sau shida kana sa ni in kwance. Ban taɓa jin kunya a gabanka ba, domin hannuna kake kallo, ba fuskata ba.

A zamanmu na ƙarshe ka ce in ƙarasa a gida, amma kada in kuskura in sa a wuta sai ka gwada da mitar auna wuta. Na yi alkawari. Sai ka tafi, saura mako biyu wa'adin Mama ya cika.

Ran da aka yi jana'izarka na kunna turare na rusuna sau uku. Matarka, Goggo Yuk, ta hango ni, ta ce, "Ke ce mai gadin?" Na gyaɗa kai, na gaya mata komai ina kuka. Bayan kwana huɗu ta hau benenmu hawa bakwai da mitarka a cikin jakar cefane. Ta ce shekara arba'in tana riƙe maka tsinken mitar, ai ko bango ne ya koya. Ta gwada ƙafafun filogin ɗaya bayan ɗaya, ta ce a kunna.

Mama ta dafa ƙarfen da bayan hannunta. Bai ja ba. Amma ƙugin ya dawo, ƙasa-ƙasa, a bayan kiɗan. Mama ta zauna a bakin gado ta ce, "Wannan ƙarar ce ta hana ubanki sakat." Ba ta kashe ba har kiɗan ya ƙare. Da mai sayen kaya ya zo, a bakin ƙofa ta sallame shi.

Baba, ban taɓa ce maka na gode ba, kullum sai dai in sunkuyar da kai in tafi. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Goggo Yuk da 'ya'yanki, Wai-man da Suk-ching, ina yi muku gaisuwar rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni nawa.

Mak Hoi-lam
Sham Shui Po